Shekarar da Na Bar Ladanci Saboda Barde

Lawal, Hadiza, da ke Auta, wannan babin naku ne fiye da sauran, don haka ku karanta shi a zaune. Na daɗe da sanin cewa kai Lawal ba ka gaisawa da 'ya'yan Liman Sada, in ka shigo ƙauye ka hango su a bakin masallaci sai ka tuna kana da uzuri a wata hanya. Ke kuma Hadiza an gaya mini abin da kika yaɓa wa matarsa a gidan suna a Dayi, ba zan maimaita ba don takarda ma tana da kunya. Duk kun ɗauka shi ya tuɓe ubanku daga ladancin masallacin ƙauyenmu, ya wulaƙanta shi a kan kare. To, ba haka aka yi ba. Ba wanda ya tuɓe ni. Na yi shiru a lokacin ne don in na fara zancen muryata rawa take yi, kuma ladan da muryarsa ke rawa abin dariya ne. Yanzu da alƙalami ne a hannuna, ga yadda aka yi.

Kun san shekarar. Ita ce wadda mahaifiyarku Indo ta rasu da farkon damina, masara ko gwiwa ba ta kai ba. Kuka zo gida ya cika, aka yi addu'a, aka yi sadakar bakwai, sannan kowa ya kama hanyar inda cinsa yake, kuma ban ga laifinku ba. Kai Lawal ka ce in bi ka Funtuwa, akwai ɗaki a gidanka. Na ce wa zai duba gona, wa zai kira salla? Ka ce gona a ba wani ya noma, salla kuwa ba a rasa mai kira. Gaskiya ka faɗa, sai dai ba ranar faɗarta ba ce. Na zauna. Abin da ban gaya muku ba, duk sanda kuka bugo waya kuka ce ya gida na ce lafiya lau, shi ne gidan nan ya koma mini kamar rumbun da aka kwashe. Sau biyar a yini ina ɗaga murya duk ƙauyen nan da rugagen bayan rafi su ji ni, in dawo in yi sallama a zaurena ba mai amsawa. Shekara da shekaru uwarku na amsa mini daga madafa, ko da faɗa ne, ko da cewa na tsaya surutu tuwo ya huce. Akwai ranakun da in ka cire kiran salla da gaisuwar bakin masallaci, ban furta ko kalma ɗaya ba. Matar maƙwabcina Mati, Allah ya saka mata, tana miƙo mini tuwo ta kan katanga, in ci rabi in rufe rabi, da safe in zuba wa kajin da su ma ba nawa ba ne. Kaɗaici ne, ba shi da wani suna, kuma ya ci ni sosai.

Da kaka sai Tanko ya bi bayan uwarku. Ku kun san shi a matsayin tsohon maharbin nan mai warin taba da ke ba ku tsoro kuna yara. Ni kuwa taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, tare aka yi mana kaciya, kuma tun daga ranar ba mu taɓa haɗuwa muka rabu ba mu zagi juna ba. Ni na bi allo, shi ya bi daji. In na ce masa mai warin kare, sai ya ce ai sana'armu ɗaya, ni ina kiran mutane shi yana kiran karnuka, kuma nasa sun fi nawa saurin amsawa. Da ƙaho yake kiransu. In ya ja busa mai tsawo, duk inda suke a daji sai su ɗaga kai su amsa masa da kuka, ya san inda kowanne yake. Cikinsu akwai wani ja mai yankakken kunne da yake kira Barde, shi ne ya fi daɗewa a hannunsa.

Bayan an share makoki na je gidan in yi wa iyalinsa ban gajiya, na tarar an gama rabo. Bindiga babban ɗansa Sale ya ɗauka, ƙahon wani abokin farautarsa ya roƙa, matasan karnukan kuwa tuni maharba suka yi wawarsu, karen bana ai shi ke maganin zomon bana. Saura Barde, wanda ba abin da ya rage masa na bardanci sai suna. Yanar ido ta rufe masa idanu duka biyun sun yi fari, ƙazuwa ta cinye gashin bayansa, ƙudaje sun ci bakin kunnuwansa har sun yi gyambo, ƙugunsa kuma tun da gadu ya soke shi a shekarun baya bai koma daidai ba, jan ƙafar baya yake yi. Yana kwance a ƙofar ɗakin Tanko, ya manna hanci a ƙasan ƙyaure. Sale na tsaye a kansa da wani baƙo, cikin mutanen nan masu yawo da kejin waya a bayan babur suna sayen karnuka su kai inda ake cin su.

"Wannan ai ƙashi ne da fata," in ji baƙon. "Sai dai in ɗauke maku shi don ku huta."

"Ɗauka, bawan Allah," in ji Sale. "Tun da Baba ya kwanta bai ci komi ba, kuma kowa ya matso sai ya kai mashi cizo. Jiya ma ya yaga wa Inna zane."

Baƙon ya ɗauko wata sanda mai igiyar zarge a baki. Karen ba ya gani, amma ya ji takunsa, sai ya ƙara cusa hanci a ƙyauren yana gurnani. Ni dai na ji bakina ya riga ni.

"Sale, bar mani shi."

"Baba Ladan, kai? Mi za ka yi da shi? Ba ya gadi, ba ya farauta. Ko ɓarawo ya zo sai dai ya tsallake shi ya wuce."

"Na ce ka bar mani."

Kada ku yarda da masu cewa wasiyya Tanko ya bar mini, sun faɗa ne daga baya don su rufa mini asiri. Bai bar mini komai ba, da yana raye ma dariya zai yi har ya faɗi. Ni ban taɓa son kare ba, in na hango su a hanya tattare rigata nake yi. Abin da na gani kawai shi ne mai rai ya sa rufaffiyar ƙofa a gaba yana jiran a buɗe, ni kuwa na san wannan zaman, don ni ma haka na ƙare daminar nan a kan tabarma ina kallon ƙofar ɗakin uwarku. Na aro baro, muka jefa masa buhu a kai muka cicciɓe shi. Kafin mu gama ya same ni a tsintsiyar hannu. Haƙoransa sun zube saura 'yan tsirari, amma sun isa su fid da jini. Haka na ratsa ƙauye da rana tsaka, ladan na tura kare a baro, mata na leƙe ta danga. Ban shigar da shi cikin gida ba, wannan ku riƙe shi da kyau, don an ce wai a ɗakin uwarku yake kwana, ƙarya ce tsagwaronta. A bayan gida, gefen rumbu, na kafa masa 'yar bukka ta kara.

Wahalar farko ci ce. Maharba kan hore kare kada ya karɓi abinci a hannun kowa sai ubangidansa, don kada a sa masa guba ko a yaudare shi a sace. Tanko ya yi wa Barde wannan horon tun yana kwikwiyo, kuma ya kama shi fiye da kima. Na zuba masa tuwo a kasko, ya kau da kai. Na sayo romon kai wurin mahauci na jiƙa ƙanzo a ciki, ya shinshina ya koma ya kwanta. Ruwa kawai yake lasa, ina kallo haƙarƙarinsa na ƙara fitowa. Sai wata rana da la'asar sakaliya na fito da kwanon tuwona na zauna nesa kaɗan da shi, don na gaji da ci ni kaɗai a tsakar gida. A nan na tuna yadda Tanko ke yi. Yakan yanki loma ya gutsuri rabi, yana tauna yana yi wa karen magana, sannan ya jefa masa sauran. Na yanki loma na gutsura. Maganar ce ta gagara, me mutum mai hankali zai ce wa kare? Sai na zage shi irin zagin da nake wa ubangidansa.

"Kai dai mai warin nan, ka ci ko ka bari. Ya tafi ya bar mu, ni da kai, haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance."

Na jefa masa. Ya daɗe hancinsa na motsi, sannan ya miƙa wuya ya ɗauka. Na yanki loma ta biyu. Daga ranar tare muke ci, ni rabi shi rabi, kuma dole in yi magana, in na yi shiru ba ya taɓawa. Da farko zagi ne, da zagi ya ƙare na koma ba shi labarin tsadar taki da ciwon gwiwata, daga nan ban san sanda na kai ga uwarku ba. Abubuwan da ban gaya wa kowa ba game da kwanakinta na ƙarshe, a gefen rumbun nan na faɗe su. Shi kuwa da ba ido, muryata ta zama masa komai. In zan matsa kusa sai na fara cewa ni ne, in ba haka ba ya kawo cizo. Ƙarar babur ta wuce sai ya ruɗe ya yi ta karo da kara, sai na yi magana ya lafa.

Malamin dabbobin da ke zuwa duba shanu ran kasuwar Maska na lallaɓa ya biyo ni, bayan ya gama yi mini dariya. Ya yi masa allurar haukan kare, ya ba ni maganin da zan riƙa yi masa wanka da shi saboda ƙazuwa da kaska, da man shafawa a kunne. Ido da ƙugu ya ce sai haƙuri, kada in bar shi ya kwana a ƙasa mai sanyi, abinci kuma mai laushi. Ya kuma ce in ina so akwai allurar da za ta hutar da shi gaba ɗaya. Na ce na gode, da hutun nake so da na bar wa mai babur. Wankan nan kaɗai yaƙi ne, sai na ɗaure masa baki da tsumma ina lallashi kamar mai yi wa jinjiri. Amma kafin sanyi ya wuce gashi ya fara tsirowa, gyambon kunnen ya bushe, har yakan ja jiki ya fito ya sha hantsi.

Liman Sada kuwa ni na je na same shi tun makon farko, kafin magana ta je masa a karkace.

"Allah gafarta Malam, na aje kare."

"Na ji, har baron na ji," in ji shi, yana danne dariya. "Ladan, ka dai san abin da aka yarda a aje kare dominsa, gadi ne ko kiwo ko farauta. Wanne yake maka?"

"Yana kwana gefen rumbu."

"Shi ke gadin rumbun, ko rumbun ke gadinsa?"

Muka yi dariya mu biyu. Sannan ya ce ba zai ce mini na yi daidai ba, ba kuma zai ce in jefar da shi yunwa ta kashe shi ba, don ciyar da mai rai ba ya faɗuwa ƙasa banza. In dai bar shi a bayan gida, in ware tufafin da nake taɓa shi da su da na masallaci, in kula da tsarkina. Haka na yi. Wannan shi ne mutumin da kuke ɗauke wa kai.

Da abin ya tsaya nan, da ba a yi komai ba, mutane sun yi gulmarsu sun gaji. Wata ranar bazara ce da magariba abin ya ɓaci. Na ɗauki lasifika na ja kabbarar farko yadda na saba jan ta, sai na ji wani dogon kuka ya taso daga bayan gidana, kun san tsakaninmu da masallaci ba nisa. Na tsaya, ya tsaya. Na sake ja, ya sake. Haka muka yi har na ƙare kiran, gumi na bin bayana. Yara a wurin alwala sun riƙe ciki, tsofaffi na ta a'uzubillahi. Kun san mutanenmu da kukan kare, ko a ce mutuwa ya hango ko a ce aljani ya gani, balle a ce da kiran salla yake yi. Wasu suka ce shaiɗan ne a jikinsa kiran ke ƙona shi. Cikin satin wata tsohuwa ta rasu a unguwar gabas, tsohuwar da ta shekara kwance, amma aka ce ai ga shi nan, karen Ladan ya kira.

Ni kaɗai na san abin da ke nan. Karen nan tsawon rayuwarsa yana jin kiran sallata, watanni kuma yana jin ta daga bayan gidana, bai taɓa ɗaga kunne ba. Amsar da yake ba ƙahon Tanko ce ya ba ni, irin wadda suke yi a daji su ce ga ni nan. A ranar ne ya yanke cewa ubangidansa ba zai buɗe ƙofar nan ba, ya mayar da ni a gurbinsa. Allah ya yafe mini, tsoro na ji, amma daɗi ya fi yawa. Duk shekarun da na yi ina kira, na san Musulmi na amsawa a hankali a gonaki da madafai kamar yadda aka koya mana, amma ladan ba ya jin su, sararin sama kawai yake yi wa magana. Da na koma gida na ce ni ne, ya buga wutsiya a ƙasa, abin da bai taɓa yi mini ba.

Daga nan kullum ne, kowace salla. Wani ɗan zamani ya ɗauka a waya aka yi ta turawa, har abin ya iske ka a shago a Funtuwa, Lawal. Ban manta kiran da ka yi mini ba.

"Baba, an turo mani abu. Kunnawa ake yi a kasuwa ana dariya, ana cewa ba baban Lawal ba ne? Don Allah ka rufa mana asiri. Kare ne fa!"

"Na san kare ne, ban ce ƙanenka ba ne."

"To ka ba da shi mana, ko a kai shi daji a baro."

Na kashe wayar. Kunyar da ka ji gaskiya ce, ni ma na ji ta, har na fi ka, don kiran salla ba abin da za a kunna a kasuwa a yi dariya ba ne. Kada kuma ku ce ban nemi mafita ba. Na yi masa takunkumi kafin in tafi masallaci, na dawo na tarar ya yayyage fuskarsa da farce, jini har ƙirji. Na gajarta kira, ya gajarta kuka. Na tura shi a baro har bukkar gonata ta bakin rafi na ɗaure, ashe lasifika na kaiwa can. Da 'yan haƙoran nan ya cinye igiya ya biyo murya, makaho a cikin kunyoyi, ya faɗa kwazazzabo. Tun azahar nake nema sai bayan la'asar na same shi a ciki, ƙugun da muka sha wahalarsa ya koma ɗanye. An yi gudun gara an faɗa wa zago. Na saɓo shi a kafaɗa na dawo da shi bukkarsa, da magariba kuma ya amsa mini daga kwance.

Dattawa suka je wa Liman, ba ni da ta cewa, haƙƙinsu ne. Ya kira ni zaurensa mu biyu kawai.

"Ladan, jama'a sun zo mani. Yara sun fara kwaikwayo a hanya, ɗaya ya yi kira ɗaya ya yi kuka. Ka fi ni sanin nauyin wannan. Ni ban ce ka sauka ba, kuma ba ni cewa. Sale ya ce zai zo ya ɗauke shi kana masallaci, ba sai ka gani ba, ba sai ka san inda aka kai shi ba. Ka wayi gari kamar ba a yi ba."

Na ce ya ba ni zuwa gobe. Ina so ku san abin da ke kan sikeli, don kada ku ɗauka da wasa na yi. Tun kafin a haife ka, Lawal, nake kiran sallar nan, tun ana hawa tudun ƙasa a toshe kunne a yi da maƙogwaro. Bayan uwarku ita kaɗai ta rage mini da ke sa wani ya jira ni. Har nakan ce wa kaina, in na mutu ni kaɗai a gidan nan, asuba ɗaya za a yi ba kira a zo a duba. In na ajiye ta, sai dai wari ya gaya wa Mati. A ɗaya gefen kuwa tsohon kare ne, makaho, gurgu, wanda ko shekara mai zuwa ba lalle ya gani ba. Kowane mai hankali ya san abin da zai zaɓa. Na zagaya bayan gida da niyyar in yi masa kallon ƙarshe, na ce ni ne, sai ya ja jiki da ƙafafun gaba ya zo ya ɗora haɓarsa a kan ƙafata. Ya bar jiran mutum ɗaya da ƙyar, ya koma jiran wani. Na ga ba zan iya sa a zo da igiyar zarge ina can ina kiran sunan Allah ba, yana amsa mini ana jan sa.

Da safe na koma wa Liman na ce a ba da ladancin ga Malam Nuhu, mai koyar da yara a Islamiyya, muryarsa ta fi tawa ma.

"Ladan, a kan kare?"

"A kan kiran salla, Malam. Ba ni son a ƙara yi mata dariya. Shi kuma ba ni iya ba da shi. Hanya biyu ce, na ɗauki ɗaya."

Ya riƙe hannuna ya yi ta roƙo, har idonsa ya kawo ruwa. Da ya ga ba zan juya ba ya ce to zai gaya wa jama'a ƙirjina ne ke ciwo. Na ce kada liman ya yi ƙarya saboda ni, ya yi shiru kawai. Shirun nan ne mutane suka cike da cewa an tuɓe ni, ku kuma kuka ɗauka. Azahar ɗin farko da Malam Nuhu ya kira, na zauna kusa da Barde na dafa wuyansa don ko zai yi. Ko kunne bai motsa ba, barcinsa yake. Ni ne na yi kukan a ranar, ban ɓoye muku ba.

Abin da ya biyo baya ba daɗi, ba zan shafa masa mai ba. Na koma ina zuwa masallaci kamar kowa, in na makara ba wanda ya lura. Akwai waɗanda in na tsaya kusa da su a sahu sai su ɗan janye riga. Yara suka sa mini Ladan mai kare. Ke Auta kika daina kawo mini jikoki, kika ce kina tsoron cizo, na san ba cizon ba ne. Babbar salla ta zo ba wanda ya taka ƙauyen nan a cikinku, kai Lawal ka aiko da shadda a hannun direba. Na sa ta na je idi na dawo, na zauna gefen rumbu, naman da maƙwabta suka aiko na dafa shi ya yi lugub muka raba ni da shi. Ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma ina faɗa ne don ku sani, ba don ku ba ni haƙuri ba, na riga na yafe.

Barde ya ga damina, amma bai ƙara tsayawa da ƙafafunsa ba. Ni ke ɗauko shi in kai shi hantsi, in mayar da shi in hadari ya taso, in sauya masa buhun shimfiɗa in ya ɓata. Ana cikin karyar masara, wata safiya na zagaya da kunu na ce ni ne, wutsiya ba ta motsa ba. Na kai shi gona na haƙa rami na rufe, ban yarda a ja shi juji ba. Ba a yi wa mutum gaisuwar kare, ban kuma sa rai ba. Amma da la'asar sai ga sallama a zaurena, Liman Sada ne. Ya zauna tare da ni, da zai tashi ya ce sannu Ladan, Allah ya ba da ladan ciyarwa. Duk ƙauyen nan shi kaɗai ya zo. Don haka in kun shigo, ku fara da gidansa kafin nawa, ku durƙusa ku gaishe shi, ke Hadiza ki nemi matarsa. Daga baya Liman ya ce in koma bakin aikina, na ce a'a, ba a ba mutum abu da hannun dama a karɓe da na hagu, Malam Nuhu bai yi laifin komai ba. In kuka tambaye ni ko shekara ɗaya ta tsohon kare ta kai abin da na bayar, ban sani ba, wata rana in ce ta kai wata rana in yi shiru. Na dai san da za a sake, haka zan sake yi.

Sau ɗaya na ƙara riƙe lasifikar nan. Bara ne, Malam Nuhu ya tafi Malumfashi duba mara lafiya mota ta ɓata masa, magariba ta kawo jiki ba mai kira, Liman ya waiwayo ya miƙo mini. Na karɓa, na ja kabbarar farko, ta fita tas kamar jiya na bari. Sai na tsaya. Na daɗe a tsaye da lasifika a bakina, har na ji ana gyaran murya a bayana, sannan na ci gaba na ƙarasa. Da aka sallame Mati ya kama hannuna a ƙofar masallaci.

"Ladan, murya tana nan yadda take. Numfashi ne dai ya fara gazawa."

"Haka ne, Mati," na ce masa. "Tsufa."

Ku kaɗai nake gaya wa, numfashina lafiyarsa lau. Saurare na tsaya yi.